Ɗakin Inna Ya Zama Sito

Litinin, 1 ga Satumba

Da sunan Allah. Bayan littafin awon labule na juya nake rubutu, don maganar ta fi ƙarfin cikina kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

An liƙa sanarwa a sandar wutar bakin layinmu. Hukumar gunduma za ta turo masu ƙiyasi gida-gida a sake yanka harajin gidaje. Wai unguwa ta yi daraja tun da aka shimfiɗa kwalta aka fara gina benaye. Gida mai ɗaki da falo yana ƙaramin aji. Daga ɗaki uku, babban aji. Kicin da banɗaki da sito ba a ƙirga su.

Namu uku ne. Ɗakina, falon da nake ɗinki, da ɗakin Inna a bayan gida, wanda marigayi maigidana ya gina wa mahaifiyarsa da hannunsa shekarar da idonta ya rufe.

Na maimaita karantawa ko na yi kuskure. Babban aji ya kai ɗinkina na wata biyar, in ba mu ci ba kuma ba a sayi magani ba. Kwalta kuwa, ni keken da nake da shi ba ya hawa titi.

Laraba, 3 ga Satumba

Mai Ƙanƙara, maƙwabciyata ta jikin katanga, ta leƙo da hantsi. "Malama, kin fara kwashe kaya, ko sai an zo an kwashe ki?"

Ashe duk layin sun gama shiri. Direba ya cire ƙofar ɗakin 'ya'yansa ya jibga tsofaffin tayoyi a ciki. Mai wanki ta saki kaji a nata. Ita kuma za ta tura firizanta ɗakin mijinta, wai dama shi ma kayan ajiya ne, ba ya motsi sai an ɗaga shi.

Ta ce in ɗauke Inna wuni guda, in zuba buhuna, mai ƙiyasi na juya baya a mayar da gado. Na ce in ya tambaye ni fa? Ta ce sai ki ce sito ne. Na ce ai ba sito ba ne. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah ya ji ƙan mahaifinki. Ya ba ki karatu, amma bai bar miki kuɗin haraji ba."

Ban ji haushi ba. Baba ne ya koya mini a allo, kuma wasali ɗaya in na karkata shi, sai na wanke allon gaba ɗaya na sake. Na doshi hamsin ban san yadda ake buɗe baki a faɗi abin da ba shi ba. Ba yabon kai nake ba, astagfirullah. Harshen ne yake ƙin tashi.

Asabar, 6 ga Satumba

Na kai labule can sama a sabon benen nan. Mai shagon labule ne ke karɓo aiki, ya ba ni kalmasa da ɗaurin zobe, ya biya ni a kan kowane ƙyalle. Yau ya ce zai rage farashi, wai ya samu masu keken lantarki a wata gunduma suna yi masa rabin kuɗi.

Matar gidan mutuniyar kirki ce, har ruwan sanyi ta ba ni. Ina kan kujera ina ratayawa na hango rufinmu ta taga, ɗan ƙarami kamar murfin tukunya, duk tsatsa. Ta tsaya kusa da ni ta ce, "An ce duk na ƙasan nan rushe su za a yi. Shi ya sa nake son labule mai kauri kafin lokacin." Na ce Allah ya sa alheri.

Ni na ɗinka mata mai kaurin. Kalmasar ta yi kyau ma.

Lahadi, 7 ga Satumba

Shinkafa ta tashi, kuɗin wuta ya tashi, maganin hawan jinin Inna ya tashi. Ɗinki ne kaɗai ya sauka.

Talata, 9 ga Satumba

Dillalin masu benaye ya zo, turarensa ya riga shi shigowa. "Hajiya, barka da aiki." Na ce ban je ba tukuna. Kullum sai na gyara masa, kullum sai ya sake. "Ai za ki je, Hajiya, da zarar mun yi ciniki."

Ya zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki ya yi mini bayani a hankali, kamar mai jaje. Wanda ya kasa biya, tara. Wanda ya kasa tarar, a garƙame gidan a yi gwanjonsa. Gara in sayar da hannuna. Abin da ya taya ko ɗaki ɗaya ba zai saya ba a duk faɗin gundumar nan, shi ma ya sani.

Inna ta jiyo daga baya ta ɗaga murya: "'Yar nan, wane ne wannan mai murya kamar an shafa mata mai?"

Juma'a, 12 ga Satumba

Yayana ya kira daga can garin da yake zaune. Ya ce mu tattara mu taho, harajinsu bai kai kuɗin shayi ba, gidaje kuwa masu zama ake nema. Na ce akwai masu ɗinka labule? Ya yi dariya har da tari. "Labule? Nan wa ke leƙen wa?" Na ce asibiti fa? Ya ce rabin wuni ne, in an samu mota.

Can akwai ɗaki babu aiki. Nan akwai aiki babu inda mai aikin zai kwanta. 'Yata ma da ke sharar asibiti a tsakiyar gari, haya ta kore su ita da mijinta har ƙarshen layin mota. Mota biyu take hawa kafin ta kama tsintsiya.

Ya Allah, ina mutum zai sa kansa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Bayan karatun mata na tsaya na tambayi malamarmu. Na so in ce wata ce ta aiko ni, sai na ga shi ma ƙarya ne, na ce ni ce.

Tana naɗe darduma tana sauri, mai ɗaukarta na jira. Ta ce, "In kin kwashe ta da niyyar mayarwa da ya juya baya, ke ma kin san sunan abin. In kuwa ɗakin ya zama sito da gaske, ba ki yi wa kowa ƙarya ba."

Da gaske. Duk hanya kalmar nake juyawa. An ce sai bayan shekara uku ake sake ƙiyasi.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na gaya wa Inna bayan ta sha shayi. Na durƙusa na ce, Inna, za ku dawo ɗakina mu zauna tare. Ta ce, "Laifi na yi?" Na ce haraji ne. Ta ce tun tana yarinya ake biyan haraji, ba ta taɓa jin wanda ya tashi tsohuwa daga gadonta ba. Na yi mata bayanin aji-aji. Ta ce, "Kwana nawa?" Na ce ba na kwanaki ba ne, Inna.

Ta shafa bakin kofi da yatsa. Sai ta ce, "To. Gidanki ne."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da aka fitar da gadon na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Wani layi baƙi-baƙi mai sheƙi a jikin bango, daidai tsayin ƙugu. Ya tashi daga inda kan gadon yake, ya bi kusurwa, ya fita ƙofa, ya bi katanga har banɗaki. Hanyar hannunta ce, ta shekara tara. Mai Ƙanƙara ta ce in goge kafin ya tona mana asiri. Na ɗauko soso da sabulu, na tsaya, na mayar da su.

Na zuba buhunan gawayi, da na tsummokin labule, da robobin ruwa, da akwatin kayan aikin marigayi. Na yi niyya a zuciyata: sito ne. Ba na yau kaɗai ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Inna ta bugi kabad da goshi. A ɗakinta ƙofa tana dama, a nawa tana hagu.

Talata, 23 ga Satumba

Na shigo na same ta ta idar da la'asar, fuskarta ba wajen alƙibla ba. Na yi ta shawara da kaina ko in yi shiru. Ban iya ba, na gaya mata. Ta miƙe ta ce in juya ta. Na kama kafaɗunta na juya ta kamar ƙaramar yarinya. Ta sake sallar hawaye na bin kumatunta, ba sauti.

Shekara tara ba ta tambayi kowa gabas ba. A ɗakinta ɗumin rana ta taga ke gaya mata.

Laraba, 1 ga Oktoba

Har yau masu ƙiyasi ba su zo ba. Kajin mai wanki sun fara ƙwai a ɗakin, ta ce in suka ƙara sati guda hayar ɗaki za ta yanka musu. Kowa ya yi dariya. Na yi ƙoƙari.

Mai shago ya rage kamar yadda ya ce.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ta daina zuwa banɗaki ita kaɗai. Sai ta jira ta ji keke ya tsaya, sannan ta ce, "'Yar nan, in kin kai ƙarshen layin." Yau ina ta sauri saboda aikin gobe, keke bai tsaya ba, ban ji ta ba.

Na wanke zanin na shanya a bayan gida inda ba a gani. Abin da ta ce kawai, "Kada ki gaya wa jikata."

Talata, 14 ga Oktoba

Mai ƙiyasi ya zo. Mutum ne siriri, furfura a gefen kai, takalminsa ya cinye ta gefe ɗaya. Ya auna falo, ya auna ɗakina. Inna na zaune a bakin ƙofa. Ya rusuna ya ce, "Sannu, Inna, ya jiki?" Ta ce, "Jiki na nan, ɗana. Wurin ajiye shi ne babu."

Muka zagaya baya. Ya ce, nan fa? Na ce sito. Ya ce, ba mai kwana a nan? Na ce ba mai kwana a nan. Harshen ya tashi lafiya lau, tunda gaskiya ce.

Ya tsaya yana duban bango. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan layin nan, ya bi shi a hankali har bakin ƙofa. Ya waiwaya wajen da Inna take. Ni dai ƙasa nake kallo. Ya yi rubutunsa ya karanta mini: ɗaki da falo da sito. Na sa hannu a ƙarƙashin inda aka ce in an canza amfanin wani ɗaki sai an sanar da ofis.

A bakin ƙofar gida ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ni ma haya nake, Mama. Ɗaki ɗaya, ni da iyalina duka." Ban san me ya sa ya gaya mini ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Tun safe layin ke kwaramniya. An mayar da ƙofofi, an kori kaji. Mai Ƙanƙara ta shigo ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. "Kama can in kama nan, mu mayar wa tsohuwa gadonta."

Na ce ba za a mayar ba.

Ta zaci wasa nake. Na ce na gaya wa mutumin sito ne, na sa hannu. In na mayar yau, maganar jiya ta zama ƙarya. Ta ce, "Ke wai wa kike yi wa wannan? Mutumin ya tafi!" Na ce shi ya tafi. Ta tafa hannu ta ce, "To ki gaya mini, Malama, tunda ke kika yi karatu. Allah ne ya ce ki ba gawayi ɗaki, uwar mijinki tana karo da kabad?"

Ta fita ba sallama. Inna ta ji komai, bangon ɗakin ba kauri.

Litinin, 27 ga Oktoba

Takardar haraji ta zo. Ƙaramin aji. Na sayar da akwatin kayan aikin marigayi na cika abin da na tara, na je na biya. Gida ya tsira a bana.

Na zaci zan ji wani abu. Na yi alhamdulillahi da baki, ina jiran zuciya ta biyo.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Rabin abincinta take bari. Ba ta faɗa, ba ta ƙorafin gishiri, ita da ba a taɓa yi mata girki ta yi shiru ba. Wuni take a kwance, fuska a bango. Yau ta tambaye ni, "Nan gidan wa ne?"

Litinin, 3 ga Nuwamba

Dole in rubuta wannan.

Na kai aiki shago na dawo wajen azahar. Ba ta kan gado. Ba ta falo. Na same ta a sito, a ƙasa, tsakanin buhuna. Gwiwarta ta fashe, fuskarta duk baƙin gawayi, hannunta ɗaya a miƙe yana taɓa bango. Ashe ta lallaba ta fita tsakar gida, ta yi ta lalube har ta samu katanga, ta samu santsin hannunta, ta biyo shi ciki.

Ina ɗaga ta tana cewa, "Na ji hanyar, 'yar nan. Hanyar tana nan. Wa ya zuba duwatsu a kai?"

Ni ce, Inna. Ban faɗa ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki ƙunshin labule.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na bar ta wajen Mai Ƙanƙara, wadda ta karɓe ta ba ta dube ni ba. Na tafi ofishin gunduma. Layi har waje, mutane riƙe da takardu a leda. Wani dattijo a gabana yana ta gaya wa kowa cewa a gidan aka haife shi, kamar akwai wanda ya musa.

Da na kai taga na tambayi akawun, in sito ya koma ɗakin kwana fa? Bai ɗago ba. Ya ce babban aji, daga farkon shekara, da tarar canji a kai. Sannan ya ɗaga biro ya ce, "Gida mai lamba nawa?"

Na ce tambaya ce na zo yi. Ya ce na gaba.

Da ƙafa na dawo. Duk hanya ina lissafi, duk inda na juya shi a hannun dillali yake ƙarewa. In na faɗa, ba gida. In na mayar da ita ban faɗa ba, na ci amanar sa hannuna. In na bar ta yadda take... ba zan rubuta wannan ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

'Yata ta zo da auduga da maganin ciwo. Ta wanke gwiwar, ta ja ni falo. Ta ce, "Umma, a wajen aikinmu ina ganinsu. Tsoho in ya daina takawa, ba ya sake tashi." Ta ce ko ta tafi da ita wajensu. Na ce ɗaki ɗaya, ke da mijinki da yara? Ta fashe da kuka, wai ita ma mai gidan ya ƙara musu haya.

Muna tsammanin Inna barci take. Sai muka ji ta ce, a nutse, "Ku daina wahala. A kai ni inda ba a biyan kuɗin kwanciya."

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ban je karatu ba. Na buɗe Alƙur'ani, idona na kan layi ɗaya har shayi ya huce. Baba, da kana nan ban san ko allon za ka ce in wanke ba, ko fuskar tsohuwar nan.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Siton na bukatar shara, gawayi na tara ƙura. Don shara kawai na fitar da buhunan. Da na fitar kuma na ga sun fi dacewa da rumfar kicin, kusa da murhu. Robobin ma haka.

Gadon Inna ya daɗe yana tare mini hanyar kabad. Na leƙa ta katanga. Mai Ƙanƙara ta zo ta kama ɗaya gefen, abin da ta ce kawai, "Ɗaga ta wajenki." A wajenta wannan shiru ne.

Na kawo Inna na ɗora hannunta a bango. Ta tsaya. Ta shafa gaba, ta shafa baya. Sai ta ture hannuna. Tana ɗingishi ta bi kusurwa, ta fita ƙofa, ta bi katanga har banɗaki, ni ina biye a baya kamar wata marar aiki. Ta yi alwala. Ta yi azahar ba ta tambaye ni gabas ba. Da yamma ta ce shayina ruwa ne zalla, ko sukarin ma haraji aka sa masa?

Dillali ya wuce ya leƙo falo, Hajiya kaza, Hajiya kaza. Na amsa sallamarsa na ci gaba da taka keke.

Na bar buhun tsummoki ɗaya a bayan ƙofa, inda hannunta ba ya bi. Kayan ajiya ne ai, kuma a ajiye yake. Ofis kuwa ban ce ba zan je ba. Gobe akwai labulen da zan kai, jibi ba sa aiki.

Ƙafarta ta taɓa buhun ta ce, "Wannan fa?" Na ce buhu ne, Inna. Ta ɗan taɓa shi da yatsan ƙafa ta ce, "Bar shi nan, ya yi mana gadi."

Na yi dariya har na zauna a bakin gadon. Ban ma tuna da istigfari ba sai yanzu da na zo rubutawa.